Tsohuwar Mota a Bakin Bahaushe: Nazari Daga Ƙasar Gwiwa

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada da ta daɗe da kafuwa, watau kiwon tsofaffin motoci. Mutum yakan sayi motar da ta girme shi, ya gina mata ɗaki, ya riƙa shafe ta yana goge ta, ba ya fito da ita sai ranar biki. A Ingila, ran Lahadin farko ta watan Nuwamba, akan yi jerin gwanon motoci daga Landan zuwa garin Brighton da ke bakin teku, tafiyar wajen mil 60, kuma ba a yarda kowace mota ta shiga sai wadda aka ƙera kafin 1905. Ana yin haka ne don tunawa da dokar 1896 wadda ta sassauta wa motoci iyakar gudu. Sha'awar ta kai inda a 2022 aka yi gwanjon wata Mercedes ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135. Masu wannan al'ada har sun rarraba tsufan mota aji-aji: akwai na kafin Yaƙin Duniya na Farko, akwai na tsakanin 1919 da 1930, sa'an nan ƙungiyarsu ta duniya ta sa shekara 30 a matsayin mafi ƙarancin shekarun da mota za ta yi kafin a kira ta ta tarihi.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba ko Bahaushe yana da irin wannan sha'awa, in kuwa yana da ita, a ina take ɓoye. An zaɓi ƙasar Gwiwa don ta zama madubi. Gwiwa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure, sauran su ne Kazaure da Roni da 'Yankwashi, tana kuma iyaka da Jihar Katsina. Ƙasa ce ta manoma gero da dawa da wake da gyaɗa, wadda rayuwarta ta rataya ga kasuwannin mako. A irin wannan wuri mota mai shekara 30 ba abin kallo ba ce. Ita ce ke kai buhu kasuwa, ta kai mai naƙuda asibiti, ta ɗauko kayan amarya. Saboda haka abin da Bature ya kira tarihi, a nan sunansa jari.

Daga ayari zuwa tasha

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe a shekara mai bi. Amma dogo bai bi ta Kazaure ba. Reshen da ya yi yamma ya tsaya a Ƙaurar Namoda, wanda ya yi gabas ya tsaya a Nguru, ƙasar da ke tsakanin Kano da Daura da Katsina kuwa aka bar ta da jaki da raƙumi da takarkari. Wannan giɓi shi ne babbar mota ta zo ta cike a hankali, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin da suka koyo tuƙi da kanikanci a fagen fama suka komo gida da sana'a a hannu. Gyaɗar da aka riƙa tara dala da ita a Kano, wani kasonta daga irin waɗannan ƙauyuka ya fito, a bayan motoci masu bodin katako.

Ƙaramar mota kuwa ta ƙofar fada ta shigo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan Arewa na farko da aka sani da hawan mota. Tun daga farko ke nan mota ta rabu gida biyu a idon talaka: akwai ta mulki, wadda ake durƙusa wa idan ta wuce, akwai kuma ta neman abinci, wadda ake hawa da akuya da damin kara. Ta farkon ta gaji doki. Ta biyun ta gaji jaki da raƙumi, ta kuma gaji tsarin fatauci kusan gaba ɗayansa. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu da jagaba da uban dawaki, yana sauka a zango. Babbar mota tana da mai mota da direba da yaron mota, tana sauka a tasha, inda ɗan kamasho ke tsaye a matsayin da dillali da fatoma suke tsayawa a da. Ba abin mamaki ba ne da aka ga 'ya'yan manyan fatake, irin su Alhaji Sanusi Ɗantata, sun shiga harkar sufuri da manyan motoci.

Sunaye

Wuri na farko da za a ga ƙaunar Bahaushe ga mota shi ne sunan da ya ba ta. Sunayen nan iri biyu ne. Akwai na aro, waɗanda harshe ya lanƙwasa su har suka zauna daidai a baki. Peugeot ta koma Fijo, domin Hausa takan maye sautin p da f, kamar yadda ta yi a fetur da famfo da tifa. Mercedes ta koma Marsandi. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a 1948 ta kuma zama motar Di'o da ma'aikatan gona da na En'e, ta koma Landiroba. Hiace ta zama Hayis, Canter ta zama Kanta. Haka nan kayan cikin mota: birki, kuloci, fulogi, sitiyari, salansa, totur. Ƙa'idar da ke aiki a nan sananniya ce ga masu nazarin tsarin sauti, watau Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, sai ta cusa wasali a tsakaninsu, kuma galibi takan rufe kalma da wasali. Kiya-kiya, sunan ƙaramar bas ta haya, ba ta Ingilishi ta zo ba. Daga Yarabanci aka aro ta, inda take nufin maza-maza, abin da ke nuna ta hanyar da irin wannan mota ta biyo kafin ta iso Arewa.

Akwai wani abin lura game da jinsi. Kalmar mota mace ce, kamar yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin a. Amma Fijo da Marsandi da Hayis ba su ƙare da a ba, duk da haka ba mai cewa Fijo ya lalace. Sai dai a ce ta lalace, a ce tsohuwar Marsandi, a ce Hayis ɗin nan ta sha jiki. Sunan kamfani yakan ari jinsinsa daga uwar kalmar da ke bayansa ko da ba a furta ta ba. Babur da jirgi kuwa maza ne, ko da sunan wane kamfani suka zo.

Iri na biyu, wanda ya fi armashi, shi ne sunan da aka ƙirƙira daga cikin gida. Gingimari suna ne da nauyinsa yake cikin sautinsa, mai ji ya san ba ƙaramar mota ake nufi ba tun kafin a fassara masa. Roka kuwa kwatance ne da abin da ake harbawa sama, aka laƙaba wa babbar motar kaya da ta yi fice wajen ƙarfi. Amma gwanin cikinsu shi ne a-kori-kura, sunan ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya. Kalmar jimla ce sukutum, umarni ne a sigar wakilin suna na boye, irin ginin da aka yi wa fitilar a-ci-balbal, irin kuma wanda aka sake yi a Kano a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, da keke mai ƙafa uku ya ɗauki sunan shirin A Daidaita Sahu. Kurar da ake kora a nan mai k marar lanƙwasa ce. Masu rubutu ba tare da kula da ƙugiya ba sukan rikita ta da ƙura, ga shi kuwa motar tana tayar da ƙurar, sai kuskuren ya yi kama da gaskiya. 

Mota a matsayin mai rai

Idan aka saurari hirar direbobi da kanikawa a tashar Kazaure ko a gindin wata bishiya ranar kasuwa, za a ji kusan ba a maganar mota da kalmomin ƙarfe. Hawanta ake yi kamar doki. Tana shan mai, tana shan ruwa. Da safe ta tashi ko ta ƙi tashi, a kan hanya ta mutu, a tura ta ta farfaɗo. Tana da kai da hanci da ciki da ƙafa, shi ya sa ake auna girman babbar mota da cewa mai ƙafa shida ce ko mai ƙafa goma. Fi'ilin tuƙi ne kaɗai ya fito daga wani gida dabam, domin kafin zuwan mota tuwo ake tuƙawa da kwalekwale, sai juya sitiyari ya shiga sahunsu.

Tun da mota mai rai ce, ashe tana da hali, tana kuma da baki. Bakinta shi ne rubutun da ake yi mata a goshi ko a baya. Yawancinsa karin magana ne da addu'a: Haƙuri maganin zaman duniya, Hassada ga mai rabo taki, Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, Allah ya kiyaye hanya. Wani lokaci habaici ne ga kishiyar sana'a, wani lokaci godiya ce ga ubangidan da ya sayi motar. Sau da yawa rubutun yakan zama sunan motar, daga nan ya zama sunan direbanta, har mutanen gari su manta da sunansa na yanka. Wannan shi ne kirarin doki ya sauya mazauni. Bodin katako na manyan motoci, wanda kafintoci na gida ke haɗawa a kan ƙashin da aka shigo da shi daga waje, ya ba masu zane fili, sai ga dawisu da zaki da dabino da masallaci a jikin motar ɗaukar hatsi.

Makaɗa ma ba a bar su a baya ba. Waƙar Karen Mota ta Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tana cikin waƙoƙin da suka fara fito da shi, ta kuma ɗauki mafi ƙasƙancin ma'aikatan mota ta mai da shi abin magana a ƙasa baki ɗaya. Sunan nan karen mota, ko da yake da zafi, kwatance ne mai kaifi: shi ne ke kwana a ƙarƙashinta yana gadi, shi ne ke bin ta da gudu ya ɗafe bayan ta tashi, shi ne ke dirowa ya sa mata katako a ƙafa idan ta tsaya a hawa. Daga cikin waɗannan yara ne manyan direbobi suka fito, kuma su ne a yau, da furfurarsu, suka fi kowa iya ba da labarin motocin da suka shuɗe.

Abin da ake yabo

Motar da tsofaffin direbobin wannan yanki suka fi ambata da shauƙi ita ce Fijo, musamman 404 da 504. An fito da 404 a Faransa a 1960, aka biyo ta da 504 a 1968, wadda ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969. A tseren Safari na Afirka ta Gabas, wanda ake yi a kan hanyoyin ƙasa da taɓo, 404 ta yi nasara a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A 1975 kamfanin haɗa Fijo ya fara aiki a Kakuri cikin Kaduna, ana ɗauko sassan ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, a loda su zuwa Kaduna. Wannan ya zo daidai da kuɗin Udoji da ma'aikata suka karɓa da kuma bunƙasar arzikin man fetur, sai ga malamin makaranta da akawu suna sayen sabuwar mota da bashin gwamnati. Bayan haka gwamnatin Janar Obasanjo, a manufarta ta rage almubazzaranci, ta mai da 504 motar manyan jami'ai. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina.

To, me ake yaba mata? Ba a cika jin maganar kyan fenti ko sheƙin ƙarfe ba. Abin da ake faɗa shi ne tana da tsawo daga ƙasa, ba ta dukan ciki a kan kunya ko kwari. Ƙarfinta a ƙafafun baya yake, saboda haka duk yadda aka danne bayanta da kaya sai ta ƙara kama ƙasa, wannan kuwa babban abu ne a hanyoyin rairayi da ke haɗa ƙauyuka irin su Korayel da Dabi da Buntusu da babbar hanya, balle da damina. Injinta na kafireto ne, ba kwamfuta a cikinsa, bakanike mai sifana da sukudireba yana iya kwance shi a inuwar darbejiya ya mayar kafin la'asar. Mai dogon baya tana da layin kujeru uku, ita ce ta riƙe hayar doguwar tafiya daga Kano zuwa Daura da Katsina da Damagaram shekaru aru-aru. Haka ake yabon Marsandi 911, babbar motar nan mai gajeren hanci da Jamusawa suka fara ƙera irinta a 1959: ba ta sauri, amma ba ta ajiye kaya a hanya.

A nan ne bambancin sha'awar biyu ya fito fili. Bature mai kiwon tsohuwar mota abin da ya fi daraja a wurinsa shi ne asali, watau a ce kowane ƙusa na jikinta shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta, kuma ƙarancin tafiyar da ta yi yana ƙara mata kuɗi. Direban karkara kuwa yawan tafiyar ita ce abin alfahari. Motar da aka sauya wa inji sau uku, aka ɗaura mata sifirin na wata, aka yi mata walda a ƙashi, in dai tana tashi, ita ce jaruma. A ma'aunin Bature wannan mota ta lalace, a ma'aunin mai ita kuwa ta nuna asalinta. Juriya ake yabo, irin yabon da ake yi wa ingarman da ya ga yaƙi, kuma rabin yabon na bakanike ne. Hujjar da ta fi ƙarfi a nan ita ce ta ƙamus: Hausa tana da kalmomi da dama na kushe motar da ta gaza, akwala, ƙwaraɓaɓɓiya, tsohon yayi, amma ba ta ware wata kalma guda ga motar da ta tsufa ta zauna don a kalle ta ba. Abin da babu shi a rayuwa, harshe bai wahalar da kansa wajen raɗa masa suna ba.

Akwai 'yan wurare da aka adana mota, sai dai dalilin adanawar ya bambanta. Baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da hujojin harsashi a jikinta. Masu zuwa kallonta mutumin suke tunawa. Fadar Kano kuma tana da tsohuwar Rolls-Royce da aka sha ganin Sarki a cikinta a lokutan bukukuwa, ita kuwa matsayinta ɗaya da laima da tambari, kayan sarauta ce da ake gado. A duka biyun darajar daga mahayi ta sauko wa mota.

Inda take ƙarewa

Abubuwa uku ne suka share tsofaffin motoci daga hanyoyin Arewa, kowanne da zamaninsa. Na farko shi ne komawa tuƙi ta hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972. Motocin Ingila masu sitiyari a dama, irin su Morris da Austin da tsofaffin Bedford, suka wayi gari sun zama bare a kan hanyar da aka yi dominsu. Har yanzu wannan alama ce mai amfani ga mai bincike, domin gangar jikin da aka tarar a bayan wani gida da sitiyari a dama, akwai kyakkyawan zato ta riga wannan shekara shigowa. Na biyu shi ne karyewar darajar Naira daga 1986, wadda ta sa sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, ta buɗe ƙofa ga motocin gwanjo na Turai da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a biyo da su ta Nijar, ta Maraɗi da makamantanta. Sunan garin ma ya zama sunan kayan, ana cewa mota 'yar Kwatano ce. Golf da Sharon da ƙananan motocin Japan suka karɓe haya daga hannun Fijo, domin sun fi ta ƙarancin shan mai, kuma cire tallafin fetur a 2023 ya ƙara tsananta wannan lissafi.

Na uku, wanda ya fi sauran ƙarasa aiki, shi ne cinikin tsohon ƙarfe. A da motar da ta mutu takan zauna a ƙofar gida shekara da shekaru, kaji na ƙwai a cikinta, yara na koyon tuƙi a kan sitiyarinta, maƙwabta na zuwa cire abin da suke buƙata. Yanzu 'yan gwangwan suna bin ƙauyuka da sikeli. Sassan da ke da sauran amfani sukan tafi kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, maƙeran gari su sayi sifirin su ƙera gatari da fartanya da wuƙa, domin ƙarfensa yana riƙe kaifi, ƙafafun baya da abin da ke haɗa su a ɗora musu amalanken shanu, saura kuma a auna da kilo a kai masana'antar narka ƙarfe ya koma rodi. Ta wannan fuska ba a yi asarar komai ba, Fijon da ta yi shekara 30 tana kai gero kasuwa ta koma tana noma shi.

Asarar tana wajen kalmomi. Suna ba ya daɗewa bayan abin da yake nuni gare shi ya ɓace. Kitika, wadda tsofaffin ƙamusoshi suka rubuta a matsayin sunan wata ƙaramar motar kaya, yau sai dattijo ne zai gane ta. Kiya-kiya tana bin sawunta. Ƙamusun Bargery na 1934 ya fito tun mota ba ta yawaita ba, waɗanda suka biyo bayansa kuma sun fi tattara kalmomin da suka kai birni suka shiga rediyo da jarida, alhali kowace tasha tana da nata laƙabobi da ba su taɓa wuce iyakar masarauta ba. Irin waɗannan suna bakin tsofaffin direbobi da kanikawa da 'yan kamasho na Gwiwa da Roni da Kazaure da Babura, mutanen da suka fara aiki a matsayin yaran mota a shekarun 1960 da 1970. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai sami aiki a nan wanda kayan yinsa ba su wuce na'urar ɗaukar magana da kuɗin mota ba: sunan kowace mota da dalilinsa, rubutun da ke jikinta, hanyar da take bi, da ranar kasuwar da take ci. Mafi ƙanƙanta daga cikin waɗanda suka tuƙa mota mai sitiyari a dama kafin canjin hannu na 1972 ya haura shekara 70.